Yadda Za Ka Lalubo Kundaye da Maƙalu Daga Rumbunan Jami'o'i da Yawa a Zama Ɗaya

Duk lokacin da aka shiga zangon rubuta kundi a nan Jos, tambayar da ake tare ni da ita ba ta canzawa: "Malam, mai duba aikina ya ce babi na biyu ya yi ƙaranci, in ƙaro ayyukan da suka gabata, kuma ya fi son kundaye. Ina zan same su?" A da amsar ita ce ka tara kuɗin mota, ka nufi Zariya ko Kano ko Ibadan, ka kwana biyu kana roƙon ma'aikacin laburare ya fito maka da kundi daga kanta. Yanzu jami'o'i da yawa sun zuba ayyukansu a rumbunan intanet. Jami'ar Jos ta buɗe nata tun 2009, na Jami'ar Ahmadu Bello sunansa Kubanni, Ibadan da Legas da Nsukka da Covenant duk suna da nasu. Matsalar ita ce in ka ce sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya, datarka za ta ƙare kafin ka kai na biyar.

Akwai shafukan da aikinsu kawai shi ne zagaya waɗannan rumbuna suna kwaso bayanan abin da ke ciki, su tara wuri ɗaya. Su za mu fara bi. Amma ka riƙe wannan tun yanzu, don shi ne tushen kusan duk gargaɗin da zai zo: mafi yawan abin da suke kwasowa katin aikin ne, wato take da sunan marubuci da shekara da tsakure. Kundin kansa yana can gidansu. Kuma ba kowane rumbun Najeriya ne suke kwasowa cikakke ba. Saboda haka tsarin shi ne a fara jefa babbar koma, sannan a sauka a kama sauran da hannu.

Abin da za ka tanada

Kwamfuta ta fi waya sauƙi, domin za ka buɗe shafuka da yawa gefe da gefe, amma waya ma tana yi in babu yadda za a yi. Sai data kamar gigabayit 1 zuwa 2 don zaman farko, da filash ko wani wurin ajiya, da littafi da biro. Duk shafukan da zan ambata kyauta ne, ba a biyan ko kwabo, yawancinsu ma ba sa neman rajista. Kuɗinka a data zai tafi, musamman tun ƙarin farashin da aka yi a 2025. Binciken kansa ba ya cin komai, saukewa ce ke ci: kundin da aka buga a kwamfuta bai cika wuce megabayit kaɗan ba, amma wanda aka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya yakan ninka haka sau da yawa. In kai ɗalibi ne, ka tambayi sashen intanet na laburarenku ko za ka yi saukewar a can.

1. Rubuta kalmominka kafin ka kunna data

Nan ne aikin yake, kuma nan ne kowa ke tsallakewa. Ɗalibi zai kwafo taken kundinsa gaba ɗaya, kalma 18, ya manna a akwatin bincike, ya ga babu komai, ya dawo ya ce mini ai ba a taɓa yin aiki a kan batunsa ba. An yi. Ba da taken naka aka yi ba.

Ka raba batun gida uku a takarda: abin da kake nazari, wurin, da kuma fuskar da kake kallonsa. A ƙarƙashin kowane gida ka jero duk sunayen da wani marubuci zai iya kiransa da su. Ɗauki acca, tunda a Filato muke. Ɗan Najeriya zai rubuta acha. Bature ko ɗan Mali da Gini zai rubuta fonio. Tsofaffin rubuce-rubuce suna cewa hungry rice. Masanin tsirrai kuwa Digitaria exilis kawai zai sa a take, kuma akwai 'yar'uwarta iburu, Digitaria iburua. In acha kaɗai ka nema, ka rufe ƙofa a kan duk abin da aka rubuta a Senegal da Faransa da Benin. Haka dankalin Turawa: Irish potato a bakin 'yan Najeriya, Solanum tuberosum a bakin masana, cutar da ke ƙone shi a Bokkos da Mangu kuwa late blight ko Phytophthora infestans.

Sunan wuri ma haka. Barkin Ladi wasu suna rubuta shi Barakin Ladi. Mai aiki a kan tafkunan da haƙar kuza ta bari ya gwada Jos Plateau, ya gwada Plateau State, ya gwada Bukuru da Rayfield daban-daban. In aikin ya shafi shekarun 1967 zuwa 1976, ya tuna jihar sunanta Benue-Plateau a lokacin.

Gargaɗi ga masu nazarin Hausa: haruffa masu lanƙwasa suna ɓatar da aiki. Kundaye da dama an buga su da tsarin rubutun Rabi'at, wanda a cikinsa ake danna q don a samu ƙ, x don ɗ, v don ɓ. A takarda ƙ ce ke fitowa, amma a cikin kwamfuta q ce ke zaune. Don haka in kana neman waƙoƙi, ka nemi waƙoƙi, ka nemi wakoki, ka kuma nemi waqoqi. Na sha ganin na ukun ya fito da abin da na farko da na biyu suka kasa. Ka haɗa da fassarar taken da Turanci, domin wasu rumbunan da ita ake shigar da aikin.

2. Fara da BASE

Adireshinsa base-search.net, laburaren Jami'ar Bielefeld da ke Jamus ne ke kula da shi. Yana ɗauke da bayanan ayyuka fiye da miliyan 300 daga rumbuna da mujallu fiye da 10,000. Da shi nake farawa saboda matatarsa, wato wurin tace sakamakon bincike, ta fi ta kowa kyau.

Rubuta kalmomin gida ɗaya ka haɗa su da OR da manyan baƙaƙe, kalmar da ta kai biyu ka sa ta cikin alamar zance:

acha OR fonio OR "Digitaria exilis"

Sakamakon farko zai yi yawa, haka ake so. Daga nan ka shiga Advanced search. A can za ka zaɓi irin aikin, ko maƙalar mujalla ko kundin digiri na biyu ko na uku, ka iyakance shekaru, ka kuma zaɓi ƙasar da rumbun yake. Alamar tauraro a ƙarshen kalma tana kamo duk 'ya'yanta: irrigat* zai kawo irrigation da irrigated. A gefen sakamakon akwai jerin rumbunan da ayyukan suka fito. Ka karanta wannan jerin a tsanake ka rubuta sunayensu a littafinka, za su yi amfani a mataki na 6.

Gargaɗi: in ka zaɓi Najeriya a wurin ƙasa, abin da ka ce shi ne rumbun ya kasance a Najeriya, ba batun ba. Ɗan Pankshin da ya yi digirinsa na uku a Ingila ko Maleshiya a kan ƙauyensu, aikinsa yana rumbun can. Don haka ka yi binciken sau biyu, ɗaya da ƙasa ɗaya babu.

Gargaɗi na biyu: kada ka yarda da matatar irin aiki ɗari bisa ɗari. Ma'aikacin da ya ɗora kundin a jami'arsu ne ke zaɓar masa lakabi, kuma sau da yawa kundi sukutum sai a sa masa lakabin maƙala ko a bar wurin fayau. In matatar ta rage maka sakamako daga ɗaruruwa zuwa huɗu, cire ta ka duba da ido.

3. Maimaita a CORE

Wannan core.ac.uk ne, na Open University da ke Ingila. Kalmomin da ka sa a BASE su za ka sa, kada ka canja ko ɗaya, don ka gane bambancin da ke tsakanin shafukan biyu. Za ka ga maimaici da yawa, kada ya dame ka.

Abu biyu ne suka sa ba na tsallake shi. Na farko, yana leƙa cikin rubutun kansa a ayyukan da ya samu cikakku, saboda haka in sunan ƙauyenku bai fito a take ko tsakure ba amma yana babi na uku, a nan za ka fi sa ran kama shi. Na biyu, yana ajiye kwafin takardun da ya kwaso a wurinsa. Ranar da rumbun wata jami'a ya ƙi buɗewa, ko don wuta ko don an manta da sabunta wani abu, sau da yawa kwafin CORE yana nan daram. Rauninsa shi ne sakamakon yakan zo a cakuɗe, kuma shekarar da yake nunawa wani lokaci shekarar da aka ɗora aikin ce, ba wadda aka rubuta shi ba. Ka buɗe shafin farko na kundin ka tabbatar.

4. Shafukan kundaye zalla

In kundaye kawai kake so, oatd.org da search.ndltd.org su ne na duniya baki ɗaya. Sun fi ƙarfi a ayyukan Amurka da Turai da Afirka ta Kudu da Barazil, na Najeriya ba su da yawa a ciki, amma nan ne za ka ci karo da 'yan gida da suka yi karatu a waje. Ƙungiyar Jami'o'in Afirka da ke Akara, babban birnin Ghana, tana da DATAD-R, wanda aka yi shi domin kundayen jami'o'in nahiyar nan. Wanda batunsa ya taɓa Nijar ko Kamaru ko Chadi ya leƙa theses.fr da HAL na Faransa, ya rubuta haoussa maimakon Hausa. Minti goma-goma sun ishe ka a kowanne.

5. Juya Google ya kalli jami'o'in Najeriya kawai

Kusan duk jami'o'inmu adireshinsu da edu.ng yake ƙarewa. Wannan ya sa za ka iya ɗaure Google ya tsaya a cikinsu. A Google Scholar, wato sashen Google na binciken rubuce-rubucen ilimi, ka rubuta:

"tin mining" Jos site:edu.ng

A Google na yau da kullum kuma ka ƙara filetype:pdf a ƙarshe. Ka yi duka biyun, domin ba abu ɗaya suke kawowa ba. Ga ɗalibin da batunsa na gida ne zalla, wannan matakin yakan fi BASE da CORE albarka.

A Scholar, ƙarƙashin kowane sakamako akwai wurin da ke nuna sauran kwafin aikin. In na farko ya kai ka shafin mawallafin da ke neman dala 30 ko 40, danna nan tukuna, sau da yawa marubucin ya ajiye kwafi kyauta a rumbun jami'arsa. Kusa da shi akwai jerin waɗanda suka ambaci aikin bayan fitowarsa. Maƙala ɗaya mai kyau ta 2012 za ta iya jan ka zuwa goma na bayanta.

Gargaɗi: Scholar ba ya gane alamar tauraro irin ta BASE, kuma in layin bincikenka ya wuce baƙaƙe 256 zai datse wutsiyar bai gaya maka ba. Ka gajarta, ka yi sau uku. Sannan umarnin site: a Scholar yana duba kwafin da ya ɗauka a matsayin na asali ne kawai, don haka aikin da ke rumbun jami'a amma asalinsa a wata mujalla yake zai iya kuɓucewa.

Gargaɗi mafi girma yana nan. Da zarar ka cire site:edu.ng, shafukan masu sayar da furojet za su cika maka fuska, su nuna maka babi na ɗaya su ce ka tura dubu uku ko biyar a ba ka sauran. Wata ƙanwata da ke digiri na biyu ta zo mini da nata a waya tana murna, ta ce, "Yaya, ka ga na huta, babi biyar cif." Na kwafi jimla ɗaya daga tsakiyar tsakuren, na sa ta cikin alamar zance a Google. Sakamako na biyu rumbun wata jami'a ne, ga kundin nan kyauta, da sunan mai shi da shekara da sa hannun malamansa. Su masu sayarwar shafin farko kawai suka cire suka canja sunan ƙaramar hukuma, a shafi na 40 ma sun manta ba su canja ba. Kuɗin sun tafi, kuma abin da ta saya ba ya ambatuwa a manazarta tunda ba shi da uba.

6. Yanzu ka bi gida-gida

Koma ta gama nata, saura hannu. Shiga OpenDOAR, wanda hukumar Jisc ta Birtaniya ke riƙe da shi. Shi ba ya binciko maka kundi, rajistar rumbuna ce kawai. Zaɓi Najeriya, zai jero maka rumbunan da suka yi rajista da adireshinsu. Kwatanta da jerin da ka rubuta a mataki na 2. Duk jami'ar da ka san tana da ƙarfi a fanninka amma ba ka ga sunanta a BASE ba, ita za ka nufa kai tsaye.

Ba duka za ka bi ba, uku zuwa biyar sun isa, kuma fanninka ne zai zaɓa maka. Mai aikin gona ko likitan dabbobi ko tarihin Arewa ba zai tsallake Kubanni ba. Mai haƙar ma'adinai da yanayin ƙasar Filato ya fara da na Jos.

Yawancin rumbunan nan da manhajar DSpace aka gina su, wasu da EPrints, shi ya sa in ka iya ɗaya ka iya saura. A DSpace an jera ayyuka tsangaya-tsangaya, sashe-sashe. Shawarata ita ce kada ka tsaya a akwatin bincike. Shiga sashen da ya dace, ka jera ayyukansa bisa shekara, ka bi taken da ido har ƙasa. Yana cin lokaci, amma a nan ake samun kundin da aka yi kuskuren rubuta takensa, ko wanda aka ɗora hotunan shafukansa kawai, wanda babu injin binciken da zai iya karanta cikinsa.

Gargaɗi: ba duk abin da jami'a ta samar ne ke rumbunta ba. Tsofaffin kundaye da yawa suna kan kanta har yau, wasu jami'o'in kuma maƙalun malamai kawai suke ɗorawa. Rashin ganin abu a intanet bai ba ka damar rubuta "babu wani aiki da aka yi a kan wannan batu" ba. Wannan jimlar ce mai jarrabawa daga waje ya fi son kamawa ranar kare kundi, musamman in shi ne ya duba aikin da ka ce babu.

7. In ƙofa ta ƙi buɗewa

Iri uku ne. In shafin ne ya mutu, koma CORE ka nemi taken, in babu ka manna adireshin a web.archive.org ka ga ko an taɓa adana shi, in duk ba su yi ba ka sake gwadawa gobe da safe. Rumbunanmu suna faɗuwa suna tashi.

In shafin ya buɗe amma tsakure kawai ka tarar ko an kulle fayil ɗin, duba ko akwai maɓallin neman kwafi. Cike shi da cikakken sunanka da jami'arka da dalilin da ya sa kake so, layi uku cikin ladabi. Wani lokacin marubucin ne ya nemi a rufe aikin na shekara ɗaya ko biyu har ya fitar da maƙala daga ciki, to ka nemi maƙalar da sunansa.

In kuma maƙalar mujalla ce ta kuɗi, ɗora Unpaywall a burauzarka, kyauta ne. Duk lokacin da ka shiga shafin maƙalar da ke da halastaccen kwafi kyauta a wani rumbu, zai nuna maka koren kwaɗo a gefen allo. In bai samu ba, je wurin ma'aikacin laburarenku ka tambaye shi ko jami'ar tana da shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa mujallun kuɗi. Mutane suna wuce teburin nan kullum ba su san abin da ke hannun mai zaman ba.

8. Ajiye tun kana sauke

Kada ka bari sai ka tara fayil 60 masu suna irin fulltext da document1. Kowanne ka sauke, nan take ka canja masa suna: sunan marubuci, shekara, kalma biyu daga take. In kana da kwamfuta ka ɗora Zotero, manhajar adana manazarta, kyauta ne, yana ba ka megabayit 300 na ajiya a intanet, a kan kwamfutarka kuwa iya abin da za ta ɗauka. Da dannawa ɗaya yake kwaso take da marubuci da shekara, yana da wurin da ke nuna maka ayyukan da suka shigo sau biyu, abin da dole zai faru tunda shafuka da yawa ka bi, kuma shi zai jera maka manazarta a tsarin APA ko wanda sashenku ke so.

Gargaɗi: adireshin da za ka ajiye shi ne na dindindin, wanda rumbun ya rubuta a shafin aikin, galibi za ka ga kalmar handle a cikinsa, ko lambar DOI, wato lambar shaidar aikin ta dindindin, in maƙala ce. Dogon adireshin da ke saman burauza bayan ka yi bincike yakan mutu. Kuma a manazarta jami'ar da aka yi kundin za ka ambata, ba BASE ko CORE ba, su 'yan rakiya ne. Zotero ma ka bi bayansa: sunayenmu suna rikita shi, sai ya mai da sunan uba na farko, ko ya ɗauki sunan garin da mutum ke amsawa ya yar da na tsakiya.

A littafinka kuma ka rubuta ranar da ka yi binciken, shafin da ka shiga, kalmomin da ka sa, da yawan abin da ya fito. Bayan wata uku mai duba aikinka zai ce ka ƙaro na baya-bayan nan, sai ka buɗe shafin littafin ka maimaita, ka iyakance shekara kawai.

9. Tace, sannan ka sake zagaye ɗaya

Kasancewar aiki a rumbun jami'a ba shaidar inganci ba ce. A rumbu ɗaya za ka samu kundin digiri na uku da aka shekara biyar ana yi, da furojet ɗin digirin farko, da jawabin taron yaye ɗalibai. Duba shafin farko da shafin amincewa ka san matakin aikin. Karanta tsakure, tsallaka zuwa babin hanyoyin bincike ka ga mutum nawa aka tambaya ko samfur nawa aka auna, sannan ka yanke ko ya cancanci lokacinka. In maƙala ce da aka rubuta mata preprint ko accepted manuscript, wato kwafin marubuci tun kafin mujalla ta buga shi, lambobin shafinta ba za su yi daidai da na mujalla ba, ka nemi na mujallar kafin ka ambaci shafi.

Daga cikin abin da ya tsira, zaɓi uku mafi kusa da batunka ka buɗe manazartarsu. Za ka tsinci kalmomin da ba su zo maka a mataki na 1 ba, da sunayen malamai biyu ko uku da ke ta maimaituwa. Ƙara su a takardarka, ka koma BASE da Scholar ka nemi waɗannan sunayen a gurbin marubuci. In zagaye na biyu ya dawo maka da ayyukan da ka riga ka sauke, kashe data ka fara karatu.